Lambu da kaji a Legas ba tare da sun cinye lokacin fasaharka ba

Mai zayyana, mai ɗinkin hula ko marubucin da ke zaune a Agege ko Idi-Araba, in ya ce duk abin da zai ci shi zai noma, aikin hannunsa ne zai fara mutuwa. Don haka kafin ka sayi iri, ware wa lambu da kiwo awa ɗaya a rana, bayan la'asar. Daga asuba zuwa hantsi na fasaha ne: kai a sake, haske ba sai an jira NEPA ba. Hannun da ya gama jidar ruwa rawa yake yi a kan alƙalami da allura.

Fara da buhunan shinkafa shida da ba komai a ciki, a cikinsu za ka yi shukar. Haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, huda gindin buhun, ka ɗora shi kan bulo, domin ruwan Yuni da Yuli kan kwanta a tsakar gida ya ruɓar da saiwa. Shuka alayyafo, yakuwa da ugu. Alayyafo cikin mako huɗu ya isa yanka, kuma in ka bar kututturen zai sake tohowa. Cika robar ruwa mai lita 1.5, huda murfinta da allura, ka kife ta cikin ƙasar, sannan ka rufe saman da busasshiyar ciyawa. Hakan zai rage maka yawan ban ruwa.

Tumatir da albasa kuwa, bar wa kasuwar Mile 12. Danshin Legas na jawo wa tumatir cutar ganye, sai ka wayi gari kana feshi da kafa sanduna maimakon zane.

A kaji ne lokaci ya fi zurarewa. Kada ka ɗauki 'yan tsaki na kwana ɗaya; ɗumama su da rigakafin cutar Gumboro da Lasota (rigakafin cutar Newcastle) za su hana ka barci na makonni. Sayi masu ƙwai guda shida da suka kai mako 16 zuwa 18, waɗanda aka gama yi musu rigakafi. Kowace tana cin kusan giram 120 a rana, wato buhu mai kilo 25 zai kai ka wajen mako biyar. Shimfiɗa musu ɓuntun katako mai kauri, ka kwashe inda ya jiƙe nan take, don warinsa ne ke haɗa mutum da maƙwabta, ga shi yana sa kajin mura. Kashinsu kada ya shiga buhu ɗanye, yana ƙona shuka; tara shi gefe ya yi wata biyu. Tarwada a tanki ba ta mai fasaha ba ce, canjin ruwa kaɗai ya ishe ka aiki.

Nemi yardar mai gidan haya kafin ka kafa akurki. Kuma tun yanzu ka daidaita da maƙwabcin da zai riƙe maka kajin in za ka tafi gida sallah, ko in aikin wani ya matso: ƙwan kwanakin nan nasa ne.