Kurakuran da sababbin injiniyoyin gwajin ƙasa ke tafkawa a ƙauyukanmu

Ƙannena da kuka gama sibil a BUK ko Wudil ko poli ta Kazaure kuna son kama layin gwajin ƙasa, da ku nake. Layi ne mai kyau wallahi kuma masu shi ba yawa, amma akwai abubuwan da sababbi ke ta maimaitawa duk sanda aka tura su aikin aji ko asibitin sha-ka-tafi ko kwalbati a ƙauyukan Kano da Jigawa.

Babba a ciki shi ne mutum ya yi gwaji da rani ya rubuta rahoto kamar haka ƙasar take duk shekara. Ka je fadamar Haɗeja ko Auyo a watan Maris, baƙar lakar nan ta bushe ta tsattsage har yatsunka na shiga tsagar, lebura na sara da diga yana nishi, kai kuma ka rubuta ƙasa mai ƙarfi ce. To dawo a Agusta ka ga ikon Allah, ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga fandisho, rani ya zo ta motse, shekara biyu ana haka sai ka ga bango ya dare daga kusurwar taga, a ce birkila ne ya ci siminti alhali bawan Allah ba ruwansa. Gyaran shi ne ka ɗebi samfur ka ƙulle a leda ka rubuta rami da zurfi nan take, a kai ɗakin gwaji a yi gwajin Atterberg a ga yadda lakar ke canzawa da ruwa. In hanya ce, samfurin CBR, wato gwajin ƙarfin ƙasar da za ta ɗauki hanya, kwana 4 ake jiƙa shi, kar ka yarda ɗan kwangila ya ce yana sauri a cire a kwana biyu. Sannan ka leƙa rijiyoyin garin, ka tambayi masu haƙa a gaba nawa ruwa ke tsayawa da damina, sun fi ka sani nesa ba kusa ba.

Wannan rashin tambayar ma kuskure ne mai zaman kansa. An sa hular kwano da riga mai ƙyalli, an sauko daga Hilux an wuce dattawa a gindin darbejiya ko sallama babu. Haba. Je ka durƙusa ka gai da dagaci, ka ce ranka ya daɗe wannan filin da can me ake yi a ciki? Sai ka ji ya ce ɗana nan ai kududdufi ne, daga nan aka haƙi ƙasar ginin rabin garin, daga baya aka cike da shara. Tsohuwar rijiya, masai da aka rufe, shurin da aka baje, duk ba za ka gan su a sama ba, ramin gwajinka kuma zai iya kuskure musu da taku uku.

Rami ɗaya a fili guda, ko kwafo rahoton wani gari a canza suna da kwanan wata, wannan kam ha'inci ne. Dutse da Birnin Kudu da Kazaure a kan tsohon dutse suke zaune, Gumel da Haɗeja da Birniwa kuwa yashi ne da laka hawa-hawa irin na yankin tafkin Chadi. A wajen masu dutsen ma ka kula, ƙarfen haƙa zai iya cin karo da curin dutse guda ka zaci ka kai ainihin shimfiɗar dutsen, a matsa gefe a sake haƙawa tukun.

Sai SPT, gwajin da ake buga bututu cikin rami ana ƙirga bugu don a san ƙarfin ƙasa. Guduma kilo 63.5 ce, ana sako ta daga santimita 76, a kora bututu santimita 45, bugun santimita 15 ɗin farko ba a lissafa shi. Kowa ya haddace don jarabawa. Abin da ba a faɗa a aji shi ne rana na take yara sun gaji da jan igiya sai su riƙa sakin gudumar daga rabi, adadin bugu ya haura, ƙasa mara ƙarfi ta fito a takarda kamar marmara. Kai kuma kana mota kana latsa waya. Ka sa alamar fenti a sandar, ka tsaya a kai ka ƙirga da bakinka.

Ciko ma haka, a juye tifa goma ta burji a bi da rola sau biyu a ce an gama. Ana shimfiɗawa ne kamar santimita 15, a yayyafa ruwa daidai yadda gwajin Proctor ya nuna, a danne, a gwada, sannan a ƙara. Dunƙula a hannu ka gani, in ta ruguje ruwa bai isa ba, in ta ɓata maka tafi da caɓi ya yi yawa. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 ai ƙasa ce aka danne take riƙe da ruwan nan har yau, manyanmu kuma ba su manta ɓallewar na Bagauda a Agustan 1988 ba.

Wasu kuma raina layin suke, wai aikin taɓo ne gara zanen bene. Hasumiyar Pisa ta Italiya da ta karkace, Farfesa John Burland na Ingila yana cikin waɗanda suka cece ta, kuma ƙasa suka riƙa zarewa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin ɓangaren da ya ɗaga har ta miƙe da sama da santimita 40, aka kammala a 2001.

Batun takardu kuma kar ka yi sakaci. Duk aikin da ka je ka rubuta wuri da zurfin ramuka da abin da aka samu da hotuna, oganka mai rijista ya sa hannu tun yana tuna aikin, don ranar da za ka nemi shiga NSE, ƙungiyar injiniyoyin Najeriya, da rijistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rijista, su za a ce ka kawo. Kuma kafin ka samu hatimin naka, kar ka karɓi rahoton filin da ƙafarka ba ta taka ba a ce sa suna kawai, ko nawa aka ce za a turo maka.