Yadda Ake Auna Saurin Ƙera Furotin SP-B a Huhun Ɗan Adam

Safaktan shi ne maiƙon da ke hana jakunkunan iskar huhu mannewa idan an fitar da numfashi. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa kitse ne, sauran kuwa akasari furotin ne iri huɗu: SP-A, SP-B, SP-C da SP-D. Ni dai shawarata ka fara da SP-B, domin jaririn da aka haifa babu shi, numfashi gagararsa yake yi.

Dabarar ita ce a yi wa tubalin gini alama. Ana ɗura wa majinyaci lusin, ɗaya daga cikin tubalan da jiki ke gina furotin da su, mai ɗauke da kabon-13 (nau'in kabon da ya ɗan fi na yau da kullum nauyi, shi ne alamar) ta jijiya na wasu sa'o'i, huhu ya ɗauka ya gina sabon furotin da shi. Kabon-13 ba ya fitar da tururin nukiliya mai cutarwa, shi ya sa ake yin gwajin har a kan bakwaini, bayan iyaye da kwamitin ɗa'a sun amince. Lusin ɗin yana da tsada, don haka ka lissafa shi bisa nauyin jiki kafin ka buɗe kwalba.

Kafin ɗigo na farko ya shiga, ɗebi jini da majinar bututun numfashin da aka sa wa majinyaci a maƙogwaro. Kusan kashi 1.1 cikin 100 na kabon jikin kowa dama kabon-13 ne. In ba ka san inda aka tashi ba, ba ka da ma'auni. Sauran samfura ka karɓe su lokacin da nas ke zuƙe bututun bisa ƙa'ida, ka rubuta lokacin daidai, ka cire ƙwayoyin halitta, ka daskarar.

Ga inda na taɓa yin asara. SP-B ba ya shiri da ruwa. Idan ka girgiza samfur da kulorofom da metanol, sinadaran narkar da kitse, ya rabu gida biyu, SP-B kitse yake bi zuwa ƙasa. Ni kuwa na saba furotin a ruwan sama yake, sai na adana na sama na zubar da na ƙasa: samfuran jariri guda, ba a sake samun su ba. Riƙe na ƙasa, kuma a kwalbar gilashi, don kulorofom yana cin roba.

Ka tambaya ko an ba jaririn Curosurf, wato safaktan da ake bayarwa a matsayin magani. Daga huhun alade ake yin sa, yana da nasa SP-B marar alama da zai tsarma sakamakonka.

Daga nan ka raba SP-B da kitsen, ka farfasa shi da asid, ka auna alamar a na'urar mas-sipektiromita, mai bambance sinadarai bisa nauyinsu. Raba saurin hawanta a cikin SP-B da matakin da ta tsaya a jini, ka samu kason da ake sabuntawa a yini. Saukarta kuma ta nuna maka saurin gushewarsa.