Yadda Ake Wanke Kunnen Karen Bloodhound

Bloodhound, karen bin sawu da ake danganta asalinsa da sufayen Kirista na gidan ibadar Saint-Hubert a Beljiyam, nauyinsa kan kai kilo 50. Kunnuwansa dogaye ne, sun rufe ramin kunnen ruf, iska ba ta shiga, danshi ya taru, daga nan sai ciwo. Shi ya sa ake wanke su sau ɗaya a mako.

Tanadi ruwan wanke kunne daga wurin likitan dabbobi, da auduga, da tsohon tawul. A tsakar gida za ka yi aikin, za ka ga dalili.

Zaunar da shi, ka ɗaga kunne ɗaya, ka duba, ka sansana. In ciki ya yi ja, ko yana wari, ko karen ya yi kuka da ka taɓa, dakata, aikin likita ne.

In lafiya lau, zuba ruwan a ramin, ka murza gindin kunnen a hankali na daƙiƙa 30. Sake shi ya kaɗa kai, kai kuma ja da baya, don yawu da dauɗa har bango suke kaiwa.

Sai ka goge da auduga iya inda yatsanka ya tsaya. Kada ka cusa tsinken auduga, ƙara danna dauɗar ciki yake yi.

Goge leɓatun kunnen da ke faɗawa kwanon abinci, ka tsane su da tawul, ka ba shi ɗan nama kafin ka koma ɗaya kunnen.