Shirin Ganin Likitan Gaɓɓai In Ana Zargin Amosanin Soriyasis

Amosanin soriyasis ciwon gaɓɓai ne mai alaƙa da soriyasis, wani ciwon fata mai tabo da ɓawo. Tun ana saura mako biyu ka fara rubuta yadda kake tashi kowace safiya: wace gaɓa ce ta sandare, minti nawa ta yi kafin ta saki. In ya wuce minti 30, likita zai so ya ji.

Sai hoto. Ranar da yatsa ya kumbura tun daga tushe har kai, ɗauke shi da waya a hasken rana. Kumburi yana da halin ɓacewa ranar asibiti, kamar ya san an kai ƙararsa.

Daga nan ka duba fatarka inda ba a cika kula ba: cikin gashi, bayan kunne, cibiya, gwiwar hannu. A baƙar fata tabon soriyasis ba lallai ya yi ja ba, yakan yi duhu ko toka-toka mai ɓawo. Mata, a jinkirta lalle, don ƙananan ramukan da ke fitowa a farce suna cikin abin da ake nema.

Tambayi iyaye ko wani a dangi ya taɓa irin wannan ciwon fata.

Zuba magungunanka duka a leda ɗaya, diclofenac, man shafawa, har jiƙon gargajiya. Kada kunya ta sa ka ɓoye shi. Haɗa da tsofaffin sakamakon gwajin jini da hoton ƙashi.

Babu gwajin jini guda da ke tabbatar da wannan ciwon, shi ya sa bayaninka ke da nauyi. Mai juna biyu ko mai neman haihuwa ta faɗa tun farko, domin ba a ba ta methotrexate, ɗaya daga cikin magungunan wannan ciwon. Ka sa silifas, za a taɓa diddige.