Yadda ake tufka igiya da ɓawon kalgo, rama da sauran itatuwan daji

Yanzu kowa igiyar leda yake saye a Kasuwar Barci ko Zango a nan Kaduna, to amma ranar da ka samu kanka a gona can bayan Kujama ko hanyar Kachia, kaya sun kwance a bayan mashin kuma ba shago kusa, ranar zaka gane tufka ilimi ce. Ni wajen kakana na koya, shi dai in ya zauna gindin bishiya hira yake hannunsa na aiki, kafin la'asar ya gama dabaibayin jaki.

Farko dai sai ka san me zaka nema. In sauri kake, kalgo ne abokin tafiya, ka samu reshe ɗanye mai kaurin yatsa ka tsaga bakinsa da wuƙa ka ja, ɓawon zai biyo hannunka dogo, a haka ma zaka iya ɗaure itacen girki ko dami. Dargaza ma haka take sai dai tana da yauƙi. Kaba kuwa, wato ganyen ƙaramar goruba, sai an tsaga ta siri siri an jiƙa. Akwai moda, wannan mai ganye kamar takobi da ke fitowa a inuwa ko gefen suri, in ka daddaka ganyen ka kankare koren zaka ga farin zare mai ƙarfin gaske, shi maharba ke so wajen tsirkiyar baka. Tumfafiya ma tana da zare a karanta amma dan Allah ka kiyayi farin ruwan nan nata, in ya shiga ido yana iya yi maka illa sosai, ni bana ba yara ita.

Kuka tana ba da igiya mai kyau, sai dai wallahi raina na ɓaci in naga an kware mata ɓawo zagaye. Ita kuka tana jurewa ta warke, amma masu kwaikwayo sai su je su yi wa wata bishiyar haka ta bushe a tsaye. Ka ɗiba a reshe, ko gefe ɗaya na jikin, ka bar sauran.

Wadda tafi kowa auki ita ce rama, ko yakuwa in ba ramar. Ƙarshen damina wajen watan 9 zuwa 10 lokacin da ta yi tsawo ta fara fure sai a sare, a ɗaure dami dami a danna cikin kududdufi ko gefen rafi a ɗora dutse. Kwana 7 zuwa 14 ya danganta da ɗumin ruwan. Zata yi wari kam, wannan ba makawa, amma ruɓewar ce ke raba zaren da karan. Ka riƙa dubawa, in ka murza da yatsa zaren ya saɓule shikenan ta yi, in ka barta ta wuce kuma zaren zai yi rauni yana tsinkewa. Ka wanke tas, ka shanya a inuwa ta bushe.

Kar ka tufka da ɗanyen zare in igiyar ajiya kake so. In ya bushe yana ƙanƙancewa sai igiyar ta saki. A bari ya bushe tukuna, sannan a yayyafa masa ruwa yayi laushi, musamman da hunturu da komai ke karyewa kamar taliya.

To ga ainihin aikin. Ɗebi zare kamar kaurin tsinken tsire, ka kama shi ba a tsakiya ba, ka bar gefe ɗaya yafi ɗaya tsawo, zaka ga amfanin haka nan gaba. Ka yi ta murzawa har ya lanƙwashe da kansa ya zama ƙafa biyu. Riƙe wannan lanƙwasar da hagu. Ƙafar da ke nesa da kai ka murza ta waje, wato tana barin jikinka, sai ka ɗago ta ka tsallako da ita ta kan ɗayar zuwa wajenka. Yanzu ɗayar ta koma nesa, ita ma ka murza waje ka tsallako. Haka zaka yi ta yi. Kowace ƙafa tana son ta warware amma naɗin da ya haɗa su ya bi ɗaya hannun, sai suke danne juna, wannan ne ke riƙe igiyar ba ƙulli ba. In ka saki kaga tana warwarewa to murzar da naɗin duk gefe ɗaya ka yi su, koma baya. Tsofaffi a cinya suke yi, su shimfiɗa ƙafa biyun su murza da tafin hannu lokaci guda, yafi sauri nesa ba kusa ba amma ka fara da yatsu har hannunka ya faɗa.

Ƙari shine inda yawancin masu koyo ke faɗuwa. In ƙafa ɗaya ta fara sirancewa, saura kamar tsawon yatsa biyu, ka kwantar da sabon zare a jikinta ka murza su tare ka ci gaba. Kar ka taɓa yin ƙari a ƙafa biyun wuri ɗaya, nan zata tsinke, shi yasa tun farko nace a bar ɗaya tafi tsawo. Kuma kaurinsu ya zo ɗaya, in ɗaya tafi kauri siririyar zata riƙa nannaɗe ta kawai, nauyin duk ya koma kan guda.

In ka kai tsawon da kake so ka ƙulle bakin, gashin da ya fito ka aske da reza. Ta ɗaure rago ko guga sai ka ninka wannan igiyar ka sake tufka ta, wannan karon murzar ta koma ɗaya hannun. Ka taka da ƙafa ka ja da ƙarfi ka gwada kafin ka ɗaura wani abu mai muhimmanci, kuma komai kyanta kar a hau bishiya ko a shiga rijiya da ita. In ta jiƙe a shanya kafin a naɗe, a rataye ta sama inda gara ba zata kai ba.