Kurakuran da Masu Zuwa Bisharar Gidan Yari a Ƙasashen Waje Suka Fi Yi

Duk shekara, musamman idan Kirsimeti ya ƙarato, ƙungiyoyin matasa da na zumuntar mata daga ikilisiyoyin Sabon Tasha, Barnawa, Narayi da Kakuri a garin Kaduna sukan shirya tafiya Ghana ko Jamhuriyar Benin ko Nijar domin su ziyarci fursunoni na mako ɗaya ko biyu. Niyyar ba ta da aibi, domin Ibraniyawa 13:3 ta ce mu tuna da waɗanda ke kurkuku kamar tare aka ɗaure mu. Sai dai na gaji da ganin kowace sabuwar ƙungiya tana faɗawa cikin kurakuran da ta baya ta yi, kuma idan abin ya lalace, a kan fursuna da faston da ke zaune a garin yake ƙarewa, mu kuwa mun riga mun dawo Kaduna muna ba da shaida. Baƙo raɓa ne, kuma duk wanda zai yi wannan tafiya ya kamata ya tsara aikinsa da sanin haka.

Babban kuskure shi ne ɗaukar wasiƙar gayyatar fasto a matsayin izinin shiga. Fasto ba shi da mabuɗin gidan yari. A Ghana, kamar a Najeriya, gidajen yari suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, a Nijar da Benin kuwa ma'aikatar shari'a ce ke riƙe da su, kuma da Faransanci ake rubuta musu takardar neman izini. Wata ƙungiya da na bi ta taɓa dogara da kalmar wani ɗan'uwa da ya ce ya san shugaban gidan, mu dai taho kawai. Muka isa da buhunan shinkafa da katan-katan na sabulu, jami'in da ke bakin ƙofa ya buɗe littafinsa, ya bi shafin da yatsa daga sama har ƙasa, ya ce babu sunanmu, kuma shugaban da ake taƙama da shi an yi masa canjin wurin aiki. A gindin wata bishiya muka wuni muna kallon bango, da kuɗin baikon da gwauraye da masu sayar da ƙosai suka tara. Har yau idan na tuna fuskokin matan zumunta ranar da aka ba su rahoto, raina yakan ɓaci.

Tun daga lokacin ba na yarda a sayi tikiti sai na ga hoton takardar izini da hatimi a kanta, ɗauke da sunan kowa yadda yake a fasfo, da ranaku, da sa'o'i, da jerin kayan da aka amince a shigar. Idan an tura sunaye, an rufe ke nan, ko ɗan faston ne ya zo daga baya sai dai ya jira wata shekara. Wanda bai san ta inda zai fara ba ya nemi reshen Prison Fellowship na ƙasar, ƙungiyar Kirista mai hidima ga fursunoni da aka kafa ɓangarenta na duniya a 1979, wadda ke aiki a ƙasashe fiye da 100.

Sauran takardu ba sa buƙatar dogon bayani. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin zazzaɓin shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya je ana gobe tafiya ya makara. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba mu kwana 90 ba tare da biza ba, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, saboda haka a bincika halin da kan iyaka yake ciki kafin a ɗaura kaya.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, domin da fuskar tausayi yake zuwa, wato yi wa fursuna alkawari da ɗaukar masa saƙo. A gidajen yarin waje akwai 'yan Najeriya, kuma da zarar ɗayansu ya ji ana Hausa sai ya matso, ya ce shekara da shekaru danginsa ba su san yana raye ba. Lokacin gaisawa zai cusa maka 'yar takarda a tafin hannu, an naɗe ta ƙanƙanuwa, da lambar waya a ciki. Wata 'yar'uwa a tafiyarmu ta karɓi irin wannan ta saka cikin Littafi Mai Tsarki, ta kuma ce wa mutumin za ta samo masa lauya. A bakin ƙofa aka caje mu aka ga takardar. Mu dai faɗa kawai aka yi mana, amma faston garin, wanda ya shafe shekaru yana shiga kowace Lahadi, an hana shi shiga na watanni, masu bi da ke ciki suka zauna ba mai yi musu sujada. Lauyan kuwa bai taɓa zuwa ba, kuma ba ni da shakka mutumin ya daɗe yana sauraron a kira sunansa.

Ku daina wannan, ’yan’uwa. Ba ku san abin da ke cikin saƙon ba, ba ku san ko lambar ta mai ba da shaida a shari'arsa ba ce, kuma ba ku da kuɗin lauyan da kuke ambata. Mutumin da ba shi da abin yi sai ƙirga kwanaki ba ya manta kalmar da aka faɗa masa, ko da ku kun faɗe ta ne don ku samu hanyar rabuwa da shi. Abin da nake koya wa kowa ya ce shi ne, “Ɗan'uwa, ba zan yi maka alkawari ba, amma zan gaya wa fasto.” Mutum ɗaya muke naɗawa ya rubuta buƙatu a gaban gandiroba, a miƙa wa faston garin, shi ya san wanda tara kaɗan ce ta riƙe shi da wanda labarinsa ƙage ne. Kada kowa ya ba da lambarsa ko adireshinsa.

Kada kuma a tambayi mutum abin da ya kawo shi. Da yawa masu jiran shari'a ne, kotu ba ta same su da laifi ba, sai ga mai wa'azi yana ɗaga murya yana kiransu ɓarayi da suka girbi abin da suka shuka.

Batun kyauta ma akwai gyara. Na ga inda aka raba sabulu ga waɗanda suka ɗaga hannu a kiran tuba kaɗai, wannan kuwa ciniki ne, kuma yana haddasa gaba a ɗakin da Musulmi da Kirista suke kwana a tabarma ɗaya bayan mun tafi. Mu da muka ga rikicin addinin da ya faru a Kaduna a 2000 da 2002 bai kamata a koya mana illar kushe addinin wani ba. A raba wa kowa, kuma ni nakan ware kason gandirobobi. Sabulu, omo, silifa, man shafawa da audugar mata sun fi amfani, kuma a kasuwar garin za a saye su maimakon a yi ta ciniki da kwastan. Reza da kwalba ba sa shiga, magani kuwa sai ta hannun ma'aikacin jinya na gidan.

Waya ta tsaya a ƙofa, kuma fuskar fursuna ba ta Facebook ba ce. Wa'azi ya zama gajere, domin tafinta yana ninka lokaci, kuma idan sa'ar ƙidayar fursunoni ta yi za a tashe ku ko kuna tsakiyar addu'a. A kudancin Ghana an fi jin Hausa a zango ne, don haka wanda zai je gidan yarin Nsawam da Littafi Mai Tsarki na Hausa zalla ya tambaya tukuna ko na Turanci da na Twi ake buƙata.

Sharaɗin da ake yawan jin haushina a kansa shi ne ba na sa sunan wanda bai taɓa shiga gidan gyaran hali a gida ba. Ga na kan titin Independence, ga sansanin Kakuri, kuɗin keke napep kawai za a kashe. Wanda yake son tafiya a Disamba ya fara bin masu ziyara tun da damina, ya saba da caje, da zafin ɗaki, da bin umarnin gandiroba ko da ya girmi gandiroban ko ya isa ya haife shi, sa'an nan ya kawo fasfonsa.