Babi na 7: Jinyar mai ciwo mai tsanani a gida

Darasi na farko: magani da agogo

Akwai ciwon da likita zai ce ya wuce magani, kamar sankara idan ta yi nisa, amma duk da haka ana iya rage wa majinyaci raɗaɗi har ya samu barci. Idan aka sallamo naku daga asibitin Garwa ko na Marwa a ƙasar Kamaru da ruwan morfin, wato maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi, galibi ana ba da shi duk bayan awa huɗu, kuma lokutan suna rubuce a takardar magani da lissafin Faransanci, kamar haka: 6h, 10h, 14h, 18h, 22h.

Harafin h yana nufin ƙarfe. Duk lambar da ta haura 12, sai ku cire 12 daga cikinta. Saboda haka 14h ƙarfe 2 ne na rana, bayan azahar. Ku maimaita da baki: 14h, ƙarfe 2. Da yawa daga cikinku kuna hango 4 ɗin nan na ƙarshe sai ku ce ƙarfe 4, alhali awa biyun nan majinyaci yana juyi a kan tabarma. Kada wanda ya ji kunya, kowa a nan yake tuntuɓe. Ku ɗauki alli ku rubuta a allo: 14 a cire 12, saura 2. Haka 18h ƙarfe 6 ne na yamma, 22h kuma ƙarfe 10 na dare. To, 14h fa? Ƙarfe 2.

Iyayena mata, na sha faɗa muku, kada ku jira sai ya yi nishi kafin ku ba shi. Lokaci ake bi, a kan ma'aunin da likita ya rubuta, ba ƙari ba ragi. Wannan ne karo na uku da nake faɗa, amma har yanzu ana zuwa mini da "ai ya ce da sauƙi".

Darasi na biyu: zama da shi

Bahaushe ko yana cikin azaba, idan aka ce masa ya jiki, "da sauƙi" zai amsa. Ku zauna kusa da shi, ku bari ya faɗi abin da ke cin ransa, ko bashi ne ko makomar yara. A daina raɗa a bakin ƙofa, yana ji. Idan ya daina magana, kuka ya yi yawa, ku sanar da ma'aikacin jinya.

Darasi na uku

A riƙa juya shi duk bayan awa biyu, don kada kwanciya ta yi masa gyambo.